KADA KI KWANA DA LISSAFI A BUƊE

Yau filin namu zai waiwayi wata irin mace wadda yawanta ke ƙaruwa kullum a garuruwanmu, amma ba kasafai ake zancenta ba sai ranar da aka ji ta shiga uku. Wannan mace kuwa ita ce wadda sana'arta riƙon kuɗin da ba nata ba. A cikinsu akwai kashiya a banki, da akawu a ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma, da mai karɓar kuɗin magani a asibiti, da ma'ajin ƙungiyar mata, da mai na'urar POS a bakin kasuwa, sa'an nan ga babbarsu wadda ta riga su duka, watau uwar adashi. In kin zaga Kebbe da Kuchi, ko kin leƙa Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da wuya ki rasa irin wannan mace a unguwa, ko da kuwa ba ta taka ƙofar gida.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, mutuncin mai riƙe da kuɗin jama'a yana rataye ne a kan lokaci biyu: sa'a guda ta safe kafin a fara hada-hada, da sa'a guda ta maraice bayan an tashi. Wadda ta tsare waɗannan sa'o'i biyu ta tsare amanarta da aurenta da barcinta. Wadda kuwa ta sake da su, ko da ba ta taɓa cin kwabon kowa ba, wata rana sai an kira ta da sunan da ba nata ba. Saboda haka tilas ne ita kanta ta san darajarsu, tilas ne kuma mutanen gidanta su bar mata su.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Kebbe tana da mutum sama da 124,000, Tambuwal kuma sama da 224,000, akasarinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, a warwatse cikin ƙauyuka. Ba kowane gari ke da reshen banki ba. Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, balle wanda ya fito daga cikin ƙasar Kebbe. To, kuɗin shinkafa da gero da albasa, da kuɗin akuyar da uwargida ta kiwata shekara guda, da abin da ake tarawa domin kayan ɗakin ɗiya, ina suke kwana? Da yawansu a hannun irin matan nan da muka lissafa suke kwana.

Hukuma ta daɗe tana ƙoƙarin kusanto da banki ga talakawa. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin da ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. A 1989 aka kafa Bankin Jama'a domin bai wa masu ƙaramin ƙarfi rance ba tare da jingina ba. A 2005 aka tsara dokokin ƙananan bankuna masu ba da ƙaramin rance, a 2013 kuma aka ba da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda daga cikinsu masu POS ɗin nan suka fito. Duk da haka adashi bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, domin mace ta fi sakin jiki da wadda ta sani ta kuma san gidansu. Abin da ya sake shi ne yawan kuɗin da saurin juyawarsu. Uwar adashin da a da take ƙulle zubin mata biyar a haɓar zane, yau tana riƙe da na mata talatin, wasu sun kawo a hannu, wasu sun turo ta waya. Ƙwaƙwalwar da ta isa riƙe na biyar ba za ta isa riƙe na talatin ba, komai kaifinta.

SAFIYA

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. In kika duba ma'aikaciyar banki za ki ga ana buɗe wa jama'a ƙofa da ƙarfe 8, amma ita ta daɗe da isa. Kafin ta zauna a kan kanta sai an fito mata da kuɗin da za ta yi aiki da su, an ƙirga a gabanta da gaban wani babba, ta sa hannu ta karɓa. Ba wai don ana zarginta ake yin haka ba. Ana yi ne domin in an sami giɓi da yamma a san cewa ba da shi aka fara ba. Wannan ƙa'ida ta banki ita ce muke so kowace mai riƙe da kuɗin mutane ta ɗauka, ko da ofishinta bai wuce tabarma a ƙofar ɗaki ba.

Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi tsakar gida ta cika da kiran Inna, Inna, ki jawo littafinki da akwatinki ki ƙirga abin da ke ciki. Ki duba ko ya yi daidai da adadin da kika rubuta jiya da dare. In ya yi daidai, ki rubuta kwanan wata a sabon shafi, ki sa adadin a sama. In bai yi daidai ba, to kin san cewa tsakanin dare da asuba abin ya faru, kuma cikin gida ne, ba sai kin zargi wadda ta kawo zubi da rana ba.

Abu na biyu, ki raba kuɗi gida uku, kada su taɓa haɗuwa: kuɗin mutane dabam, jarin sana'arki dabam, kuɗin cefane dabam. Kowanne da mazubinsa, ko gwangwani ne ko jaka. Yawancin matan da adashi ya karye a hannunsu ba ɓarayi ba ne. Abin da kan faru shi ne, an rasa canjin mai sayen ƙuli, sai a zari naira 200 daga zubi da niyyar a mayar. Gobe an rasa kuɗin niƙa, a sake zara. Jibi an yi baƙi. Da yayyafi kogi kan cika, haka kuma da ɗiba kaɗan-kaɗan randa kan ƙafe. Ranar kwasa sai mace ta ga giɓin da ita kanta ba za ta iya cewa ga inda ya tafi ba.

Abu na uku, ki san aikin ranar tun kafin ya same ki. Wa ke da kwasa yau? Wa ke da bashin zubi na kwana biyu? Nawa ya kamata ya shigo, nawa ya kamata ya fita? Mai POS kuma ta tabbata na'urarta da wayarta sun sha caji, domin mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu, ta duba takardar rasit, ta kuma san nawa ne tsabar kuɗi a hannunta, nawa ne a cikin asusun. In ranar kasuwa ce ta tanadi tsaba fiye da ta sauran ranaku, tun da masu cira sun fi yawa.

Abu na huɗu, wanda mata suka fi rainawa, shi ne karin kumallo. Mace ta dama wa yara koko, ta ɗumama wa maigida tuwo, ita kuwa ta fita da cikinta wayam, wai ta makara. Mai jin yunwa da ƙarfe 11 na safe ita ce ke ƙirga takardar naira 1,000 guda tara ta ce goma. Ko kunu ne ki sha, ko ɗumame ne ki ci, kafin ki taɓa kuɗin wani.

Kada kuma mu manta, safiya mai kyau tun daren jiya ake shirya ta, kamar yadda ake gane Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba. A jawo ruwa a cika randa, a wanke kayan makarantar yara a shanya, a jiƙa gero, a ajiye icce inda raɓa ba za ta taɓa shi ba. Wadda ta bar waɗannan sai gari ya waye, su ne za su cinye sa'ar ƙirgarta.

TSAKANIN SAFE DA YAMMA

Ba za mu tsawaita a nan ba, sai dai abu biyu. Na farko, duk kuɗin da ya shigo ko ya fita a rubuta shi nan take, mai shi yana tsaye yana gani. Kalmar nan ta "bari in gama tuƙa tuwo in rubuta" ta raba aminai da yawa. In yarinya aka aiko da zubi, a ƙirga a gabanta, a gaya mata adadin ta maimaita. Na biyu, ga masu karɓar kuɗi ta waya, saƙon da mutum ya nuna miki a wayarsa cewa ya turo ba shaida ba ne. 'Yan damfara sun iya ƙirƙirar irin wannan saƙo. Sai kin ga kuɗin a cikin asusunki da idonki sa'an nan ki miƙa tsaba, ko da mai jira ya yi fushi. Lambar sirrinki kuwa da lambar BVN ba a karanta wa kowa su ta waya, ko ya ce daga banki yake kira.

MARAICE

A nan ne maganar take. Banki kan rufe ƙofa da ƙarfe 4, amma kashiya ba ta tashi sai ta haɗa abin da ta karɓa da abin da ta biya, ta ga ragowar da ke hannunta ta yi daidai da abin da ke rubuce. In an sami saɓani, ko ƙanƙane ne, sai an bi takardu ɗaya bayan ɗaya an gano shi. Shi ya sa za ki ga ma'aikaciyar banki ba ta dawowa gida da wuri, har maƙwabta su riƙa cewa ai tun la'asar aka tashi, ina ta tsaya? Ba yawo ta tsaya ba, lissafi take rufewa.

Me ya sa ba a bari sai gobe? Domin kuskuren yau, yau ake tuna shi. Da yamma kina iya tunawa cewa wance ta kawo zubin kwana biyu a haɗe, ko kuwa yaron gidan wane ya kawo kuɗi ba cikakku ba ya ce zai ciko. Bayan mako guda wannan duk ya bi iska, sai rantse-rantse. Bari mu yi misali. A ce mata 30 ne ke zuba naira 500 kowace rana. Kullum naira 15,000 ke nan ke shiga hannun uwar adashi, a kwana 30 kuwa naira 450,000. In zubi ɗaya rak ke ɓace mata a kowane mako saboda rashin rubutawa, a shekara ta yi asarar naira 26,000, kuma daga aljihunta za ta biya, in ba ta biya ba a ce ta ci. Rabin sa'a da za ta zauna kowace yamma ya fi mata wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga yadda muke ganin ya dace a yi. A tsayar da karɓar kuɗi da lokaci sananne, a sanar da kowa, misali bayan la'asar sakaliya. A yi ƙirga da sauran hasken rana kafin magariba, a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba inda kowane mai shigowa zai gani. A haɗa abin da aka wayi gari da shi da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita. Abin da ya rage a takarda shi ya kamata a gani a akwati. In sun yi daidai a ja layi a ƙarƙashi, a rubuta adadin, a rufe. In ba su yi ba, a tura yaro gidan wadda ake shakka a tambaya tun ba a kwana ba, cikin ladabi, ba da zargi ba.

Sa'an nan akwai maganar tsaro, wadda duk mutumin ƙasar Kebbe da maƙwabtanta ya san ba ta wasa ba ce a shekarun nan. Kuɗi masu yawa ba su da amfanin kwana a ɗaki. In da hali a shigar da su asusun banki tun da rana, ko a miƙa wa mai kwasa nata a ranar. Kada mace ta saba da hanya ɗaya da lokaci ɗaya na ɗaukar kuɗi, kada kuma ta bari yara su san adadin da ke gida, domin bakin yaro ba shi da linzami. Ya kamata mata su sani cewa kuɗin da ke banki yana da inshora: tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa kuwa, in gobara ko ɓarawo ko gara ta ci, ba mai biya.

Bayan an rufe littafi, a rufe shi da gaske. Wadda za ta zo da zubi bayan isha'i a ba ta haƙuri ta kawo gobe. Maigida yana da hakki, yara suna da hakkin a duba abin da suka koyo a makaranta, jikinki ma yana da hakki. Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. Matar da za ta tashi kafin asuba, in ta kai sha biyun dare tana amsa waya, da me za ta yi ƙirgar gobe? Amfanin rufe lissafi da wuri ke nan: wadda ta san akwatinta da littafinta sun yi daidai, barcinta ma dabam ne.

DARASI DAGA MARAƊI

Kada wata ta ce wannan tsari sai 'yan boko. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan ƙauyukan jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Yawancin matan ba su iya karatu ba, amma suka ɗora tsarin a kan adashin da suka gada. Sukan taru mako-mako, kowace ta zuba nata a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a faɗi jimla. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana gidan wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. In an dawo mako mai zuwa, kafin a fara komai sai an tambayi jama'a nawa aka rufe da shi, a buɗe a ƙirga a gani. Wannan tsari da matan Hausa suka raina ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. In kin lura, ba wani abu ba ne illa ƙirgar buɗewa da ƙirgar rufewa, da kuma shaida.

Maganar shaida tana da muhimmanci. Rai a hannun Allah yake, ga ciwo, ga haihuwa, ga tafiyar gaggawa. In yau uwar adashi ta kwanta, wa ya san na wa ke hannunta? Sau nawa muka ji an yi rasuwa, tun ba a yi sadakar bakwai ba mata sun cika gida kowace na faɗin abin da take bi, magada kuwa ba su da abin da za su duba? Lalle ne a sami mutum guda amintacce, ko ɗiya ce mai hankali ko 'yar'uwa, wadda ta san inda littafi yake, ta kuma iya karanta shi. Ba banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Canjin kuɗi ma ya koya mana wannan. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta sake launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a canza. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin a farkon 2023, tsabar kuɗi ta yi wuyar da ba a manta ba, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris na shekarar. A irin wannan rana, matar da littafinta ke tsaf tana iya kiran kowace mai zubi ta ce ga naki, yaya kike so a yi da shi? Wadda kuwa ta cakuɗa nata da na mutane, ba ta ma san ta inda za ta fara ba. Ba wanda ya san ranar da irin wannan za ta sake zuwa.

GA MAZAJE DA ABOKAN ZAMA

Mun san wasu za su ce, duk wannan daɗin baki ne. Matar aure mai goyo, ga girki, ga shara, ga surukai, ina ta ga sa'a guda da safe, ta ga wata da yamma? Wannan magana gaskiya ce, ba kuwa za mu kauce mata ba. Ita kaɗai ba za ta iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa muke juyawa ga mutanen gida.

Maigida, in ka yarda matarka ta yi wannan aiki, kana kuma ganin amfaninsa ranar da ta cika maka kuɗin taki ko ta ɗauke maka rabin kayan ɗakin ɗiyarku, to ka yarda da abin da aikin ke bukata. Tuwon dare ya yi jinkirin rabin sa'a ba abin tashin hankali ba ne. In ma'aikaciyar ofis ce ta dawo bayan magariba a ƙarshen wata, lokacin da ake haɗa albashi da rufe littattafai, ka tambaye ta da hankali kafin ka saurari masu kawo tsegumi. Babban roƙonmu kuwa shi ne ka cire idonka daga akwatin nan. "Ara mini zuwa ranar kasuwa" ita ce kalmar da ta fi kowace karya adashi, domin mace tana jin nauyin hana mijinta, tana kuma jin nauyin tambayarsa in ranar ta wuce. Kuɗin nan ba nata ba ne balle ta ba ka. In ya salwanta, sunan gidanka ne zai zaga gari.

Ke kuma uwargida ko amarya, in abokiyar zamanki ce ke wannan sana'a, riƙe mata goyo na ɗan lokaci ko duba mata tukunya ba zai rage ki da komai ba. Ita ma ta san alheri, ta saka ranar da kike bukata. Iyayen miji su ma su taimaka da kawar da kai.

Amma akwai hanya guda da ba mu yarda a bi ba wajen sama wa uwa lokaci, watau a ɗora wa ɗiya nauyin. Muna ganin yarinya da ƙarfe 9 na safe, sa'anninta suna aji, ita tana bi gida-gida tana karɓo zubi, ko an zaunar da ita gadin na'ura. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Banda karatun da ta rasa, an kuma sa yarinya ƙarama yawo da kuɗin mutane a hannu, abin da ko babba yana tsoro. A bar ta ta je makaranta. In ta dawo ta huta, sai ta zauna kusa da Innarta da yamma ta riƙe biro, uwa na ƙirgawa ɗiya na rubutawa. Ta haka uwa ta sami shaida, ɗiya kuma ta sami darasin lissafin da ya fi na allo zama a kai.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuma 'yan matanmu na makaranta, ko kuna makarantar gari ko kuna Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal, ku daina gudun darasin lissafi kuna cewa na maza ne. Mata sun riƙe baitulmalin ƙasar nan sukutum. Ngozi Okonjo-Iweala ta yi ministar kuɗi sau biyu, daga 2003 zuwa 2006, da kuma daga 2011 zuwa 2015. Nenadi Usman ta riƙe muƙamin daga 2006 zuwa 2007. Zainab Shamsuna Ahmed, 'yar jihar Kaduna, ta riƙe shi daga 2018 zuwa 2023. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan a Sakkwato, wadda aka kafa tun 1975, ana koyar da ilmin akanta da na tattalin arziki. Ba abin da zai hana ɗiyar Kebbe zama a waɗannan kujeru.

Sai dai ku sani, halin da ake bukata ba a jami'a ake fara koyonsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki samo ɗan littafi na musamman. Kuɗin tara da aka ba ki da safe ki rubuta, abin da kika saya ki rubuta, da dare ki duba ragowar ko ta yi daidai. In an aike ki kasuwa ki dawo da canji cif, ki faɗi farashin kowane abu ba sai an tambaye ki ba. Ki haɗa littattafanki tun dare, ki tashi da wuri, ki yi aikin gida na makaranta kafin barci ya ɗauke ki. Yarinyar da ta saba da wannan a kan naira 100, ita ce gobe za a damƙa wa miliyoyi hankali kwance.

KIRA GA HUKUMA

Daga ƙarshe muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal, da masu kula da ajujuwan yaƙi da jahilci, da malaman makarantun Islamiyya na matan aure, su sa koyar da rubuta lissafi a cikin darussansu: yadda ake ja layi a raba shafi, gefe guda shiga gefe guda fita, da yadda ake fid da ragowa. Ba abu ne mai wuya ba, ko da boko ko da ajami ana iya yi. Muna kuma roƙon manajojin banki da shugabannin ofisoshi su tsara aiki yadda mace, musamman mai shayarwa, za ta rufe lissafinta ta kama hanyar gida da sauran rana. Tara wa ma'aikaciya aiki sai an kusa tashi, sa'an nan a ce ta kwana a kansa, ba ya haifar da komai sai kuskure.

Mata masu zubi su ma suna da nasu. Ku kai kuɗinku a kan lokaci, ku tsaya a rubuta a gabanku, kada ku ji haushi in an ce ku dawo gobe. Wadda ta tsananta a kan ƙa'ida, dukiyarku take tsarewa.

'Yar'uwa mai riƙe da amanar jama'a, tun daga yammacin yau ki gwada. Ki ƙirga kafin rana ta faɗi, ki ja layi, ki rufe littafi, gobe bayan asuba ki sake ƙirgawa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu da jin kunyar duniya da ta lahira, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.